Tsayawar Baba na Dapango

A gidanmu ba a fara tambayar ko kaya suna da kyau. Abin da ake fara tambaya shi ne wa ya tsaya musu. Haka muka taso muka tarar a zangon Sokode, haka kakanninmu suka yi fataucin goro, haka mahaifinmu ya shekara talatin yana sayo shanu daga arewa. In baƙo ya shigo gari da kaya, sai ya sauka a gidan wani babba, wannan babban shi ne maigidansa. Shi zai ba shi ɗaki da tuwo, ya nemo masa masu saye. Idan maigida ya buɗe baki ya ce "na tsaya masa", to an gama magana. In saniya ta fito ta sata ce, ko baƙo ya tsere da kuɗin mutane, ba baƙon ake nema ba, ƙofar maigida ake zuwa, shi kuma ya biya daga aljihunsa. Babu takarda, babu sa hannu, ban kuma taɓa jin wanda ya kai irin wannan magana wurin zandarma, wato 'yan sanda, ba.

Maigidan mahaifinmu a Dapango yake, can kusa da kan iyaka. Baba na Dapango muke ce masa. Dogon tsoho ne mai tsadar magana, gidansa na kan hanyar kasuwar shanu, da katon zaure da ɗakunan baƙi a jere. Wannan gidan da garkensa su ne duk abin da ya tara a duniya, su ne kuma suke ba kalmarsa nauyi. Da mahaifinmu ya rasu, yayana ya gaji fawa da sayen shanu, ya gaji maigidan ma.

Ni ban gaji komai ba sai karatu. Ni kaɗai aka bari na yi lakwal, wato makarantar boko, har na gama, yanzu ina da ɗan shago kusa da ofisoshin gwamnati, ina buga wa mutane takardu, ina fotokopi. Duk takardar Faransanci da ta shigo dangi ta hannuna take bi, tun daga sammaci har wadda ake sakawa cikin kwalin magani. Mai karatu ake ce mini, wani lokaci don yabo, wani lokaci don in ja bakina in yi shiru.

Wata safiya Yaya ya shigo shagona bai ko canza rigar fawa ba, ya aza wayarsa a kan injin fotokopi ya ce in karanta masa. Wani sabon kuɗin kirifto ne, irin kuɗin nan da ba a taɓa su da hannu, sai dai a gan su a waya. Masu shi sun ce don 'yan shanu suka ƙirƙiro shi, mutum ya huta da ɗaura kuɗi a ƙugu yana ratsa daji da fargabar 'yan fashi. Kowace ƙwaya, wadda suke kira jeto, wai akwai saniya ta gaske a bayanta a wani garke nasu. Ba a kai shi kasuwa ba tukuna. Yanzu ake sayar wa na sahun farko da araha, ranar da aka buɗe kasuwa kuma kowa ya ga abin da zai gani. Wanda ya turo masa wani malamin makaranta ne da ke zaune a gidan Baba na Dapango. Yaya kuwa kuɗin shanun Babbar Sallah yake son zubawa gaba ɗaya.

Na ce ya ba ni kwana uku. Abin da bai sani ba, har yau ma ba kowa ya sani ba, shi ne irin wannan abu ya taɓa cinye mini kuɗin sabon injin buga takarda. Na ce wa mutane injin ne ya yi tsada na fasa. Tun daga nan na koyi duba waɗannan abubuwa, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Na fara da fuskokin masu kamfanin. Mutum huɗu ne, kowa da kwat, kowa yana murmushi. Akwai yadda ake ba intanet hoto ta nemo duk inda ya taɓa fitowa. Shugaban nasu ya fito wuri da yawa. A wata ƙasa likitan haƙori ne, a wata yana tallar katifa, a wata kuma ya rungume mata da 'ya'ya yana murnar samun inshora. Mutum ne mai himma, sai dai ko'ina da sunan da yake amsawa.

Sai na koma kan takardar bayanin, shafi arba'in da wani abu, da Faransanci mai santsi. Na ɗauki sakin layi ɗaya na nema, sai ga shi kalma da kalma a takardar wani kuɗin kirifto na kiwon kifi da ya mutu tun bara waccan. Inda aka ce kifi suka sa saniya, shi ke nan aikin da suka yi. A wani shafi ma gajiya ta kama su, suka bar shi yadda yake, aka yi alkawarin za a riƙa canza wa shanun ruwan tafkinsu sau biyu a mako. Hotunan garken kuwa shanu ne masu dabbare-dabbaren baƙi da fari, babu mai tozo ko ɗaya, suna kiwo a gindin dutse mai ƙanƙara.

Sun ba da adireshin ofis a Lome. Na roƙi 'yar ƙanwar mahaifiyarmu da ke aure a can ta je ta gano mini. Ta kira ni ta ce ta sami wurin, ana kitso mai kyau, kuma ba tsada.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na ƙarshe. Irin waɗannan kuɗi suna da wani babban littafi a intanet da kowa zai iya buɗewa ya ga ƙwaya nawa ce a kowace lalita, ko da bai san mai ita ba. Na buɗe na ga kusan duka jeton yana lalita guda. Can ƙasan sharuɗɗa kuma, da rubutu ƙanana, an ce wanda ya saya ba zai iya sayarwa ba sai bayan wata shida. Mai babbar lalitar ne kawai wannan sharaɗi bai hau kansa ba. Ƙofar shiga a buɗe take, ta fita kuma mutum ɗaya ke da mabuɗinta. Na buga duk wannan a takarda, shafi tara, na maƙale su da ƙusa.

Yaya ya saurare ni har na gama, yana sakace. Hoton shanun ne kawai ya riƙe ya ɗan jima yana kallo.

"Wannan ba za ta yi kilishi ba," in ji shi. "Amma duk abin da kika faɗa maganar waya ce. Ni ma na yi nawa binciken."

Ashe ranar da ya bar shagona ya hau babur ya tafi Kparatao, ƙauyen su malamin. Ya ga uban malamin, ya ga gonar doyarsu, ya tambayi limamin garin, ya tambayi masu shayi. Babu ɓarawo a zuri'arsu, babu mai cin amana, kakansa ma shi ya haƙa rijiyar masallaci.

Na ce, "Yaya, ba aurensa za ka yi ba. Malamin yana iya zama mutumin kirki, abin da ke hannunsa ya zama ruɓaɓɓe."

Ya ce, "To mu je Dapango. In Baba ya tsaya masa, na saya. In bai tsaya ba, na fasa. Ki zo da takardunki."

Na yarda da saurina, don na tabbata tsohon da ya ƙare rayuwarsa yana latsa cinyar sa kafin ya yi tayi ba zai yi cinikin biri a sama ba.

Muka kama hanya da sassafe, muka wuce Bafilo da Kara da Mango, direba yana tsayawa duk inda ya ga dama. La'asar ta yi mana a Dapango. A gidan Baba ba a maganar ciniki ranar da baƙo ya sauka, sai ya ci ya huta. Aka yanka mana zabi biyu. Matar malamin ce ta kawo mini ruwan wanka, mace mai fara'a da tsohon ciki, ta ba ni sabon sabulunta da ba ta taɓa ba. Muna hira ta gaya mini sun sayar da babur ɗin mijin da keken ɗinkinta sun sa a jeto, in wata shida ta cika za su sayi fili. Na ce Allah ya sa albarka. Ban san me kuma zan ce wa mai ciki da ta ba ni sabulunta ba.

Da safe bayan koko aka zauna a zaure. Mata ba sa zama a nan, amma Baba ya sa aka shimfiɗa mini tabarma daga gefen ƙofar cikin gida. Ban da mu akwai 'yan shanu kusan goma, wasu daga Mango, wasu daga kan iyaka, duk sun ji labarin jeto, duk suna jiran abin da tsohon zai ce.

Malamin ya tashi ya yi bayani. Siriri ne mai tabarau, shekara biyu ke nan da aka turo shi koyarwa a garin, kuma duk wanda ya kalle shi ya san ba maƙaryaci ba ne. Da Hausarsa ta 'yan ƙabilar Kotokoli ya yi magana, yana nuna waya.

"Ga shi nan, Baba. Wata biyu da ya wuce na sa. Duba lamba, ya hau. Kullum yana hawa. Matana ma ya sa nashi."

Baba bai karɓi wayar ba. Ya ce, "Malam, kuɗinka na ciki?"

"Duka, Baba."

"Wani ya ba ka lada don ka kawo mutane?"

"Ana ba ni jeto kaɗan. Ban taɓa cire ko dala ba, yana ciki."

"In abin ya lalace, ina za ka?"

"Ina zan je, Baba? Iyalina na gidanka."

Tambayoyin ke nan. Tambayoyi ne masu kyau, da su aka yi shekara ɗari ana gane maƙaryacin baƙo, kuma malamin ya ci jarrabawar don ba shi ne maƙaryacin ba. Wanda ya kamata a tambaya bai taɓa sauka a gidan kowa ba.

Zauren ya yi tsit. Jakata na kan cinyata, takardun na ciki, kaina na sunkuye yadda aka koya mini. Nan ne ya kamata in yi gyaran murya. Na sha gaya wa kaina dalilan da suka hana ni: mace ba ta gyara wa tsoho magana a zaurensa, ba a kunyata malami a gaban mutane, matarsa na bayan ƙofa tana ji. Duk gaskiya ne. Amma akwai wani lissafi da na yi a zaune a kan tabarmar nan, na kuma yi shi da sauri: in Baba ya tsaya, kuɗin Yaya ba za su salwanta ba ko da abin ya rushe. Wannan lissafin ne ya riƙe mini baki, sauran dalilan daga baya na tattaro su.

Shirun ya yi tsawo fiye da yadda na zata. Sannan Baba ya ce, "Na tsaya masa."

Kafin azahar Yaya ya tura kuɗinsa. Sauran ma suka tura. A mota muna dawowa ya tambaye ni me ya sa ban fito da takarduna ba, na ce ai Baba ya riga ya yi magana. Ya ce yanzu na fara hankali.

Labari ya bazu cewa Baba na Dapango ya tsaya wa jeto. Mutanen da ba su taɓa ganin malamin ba suka riƙa zuwa zauren, su gaishe da tsohon, su tambaye shi ko gaskiya ne, ya ce gaskiya ne. Lamba ta ci gaba da hawa a waya. Yaya yakan biyo ta shagona ya nuna mini, ya tambaye ni ko har yanzu shanun na cikin tafki. Shanun Sallah kuwa bashi ya ɗauko su a wannan shekarar, abin da mahaifinmu bai taɓa yi ba. Sau biyu na ɗauki waya zan kira Baba, sau biyu na ajiye. Magana zarar bunu ce, ya riga ya faɗa a gaban shaidu, kuɗin kuma sun riga sun shige inda ba a fitowa.

Saura kwana tara wata shidan malamin ta cika, babbar lalitar nan ta zazzage kayanta gaba ɗaya. Ina shago na gani, don kullum sai na duba. Washegari shafin kamfanin ya daina buɗewa. Lambar da ke wayar Yaya tana nan yadda take, kyakkyawa, sai dai ko ƙullin gishiri ba za ta saya ba.

An ce malamin kwana uku bai fito daga ɗaki ba. Babu wanda ya taɓa shi. Ƙofar Baba aka je, kamar yadda aka saba, aka yi sallama, aka zauna, ba wanda ya ɗaga murya. Wani ɗan Baba da ke aikin gwamnati ya zo ya ce a doka ba a bin tsohon ko dala, tunda bai sa hannu a komai ba, bai kuma ci ladan kowa ba. Baba ya ce masa ya sha ruwa ya koma bakin aikinsa. Ya sa aka rubuta sunan duk wanda ya shiga saboda kalmarsa. Ya fara sayar da garken. Da bai isa ba ya sayar da gidan, wani mai sayar da siminti ya saya, zauren ya zama sito.

Da aka aiko wa Yaya nasa, na je har rumfarsa na roƙe shi kada ya karɓa. Ya ajiye wuƙa ya dube ni kamar na yi saɓo.

"In mayar masa? In ce masa kalmarsa ba ta kai a biya ta ba? Gara in je in mare shi a kasuwa."

Ban iya musa masa ba, don na san haka ne. Ya karɓa, ya biya bashin shanunsa, bai rasa ko dala ba. Har yau in hira ta kawo kirifto yakan ce wa matasa su bar wahalar da kansu da karance-karance, su nemi wanda ya tsaya wa abu kawai, shi ga shi ya shiga ya fito lafiya. Ni yake nunawa a matsayin shaida.

Sai da na yi wata huɗu ina jan ƙafa kafin na tafi ganin tsohon, ni kaɗai. Ya koma Bombouaka wurin 'yarsa da ke aure a can, an ba shi ɗaki ɗaya a bakin ƙofa. Na same shi a kan buzu yana gyara igiyar wata akuya. Ya rame, amma muryarsa na nan. Ya yi murna da ganina sosai, ya tambayi kowa da kowa, ya tambayi shago. Ya gaya mini matar malamin ta haifi namiji, shi ya raɗa masa suna. Na yi ta neman inda zan fara, sai shi ya riga ni.

"Ɗiyata, na ga fuskarki tun da kika shigo. Kada ki sa wa ranki damuwa. Ni me na sani a cikin waya? Ranar nan da malam ya gama magana, ke na tsaya jira. Na ce yarinyar nan ita ke karanta wa ubanta takardu, yayanta bai ɗauko ta tun daga Sokode a banza ba, in akwai wani abu za ta faɗa. Da na ji kin yi shiru, sai na ce to lafiya ce." Ya yi 'yar dariya. "Abin da ya ruɗe mai karatu, ni wane ne da ba zai ruɗe ni ba? Allah ne ya ƙaddara."

Ya ba ni hanyar fita, shimfiɗaɗɗiya, da na ce "haka ne, Baba" da an wuce wurin. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Na ce, "Baba, bai ruɗe ni ba. Na sani tun kafin mu zo."

Na gaya masa sauran, har da lissafin da na yi a kan kuɗin Yaya, don in na rage wannan ban faɗi komai ba. Ya ci gaba da murza igiyar har ya kai ƙarshenta, ya ƙulle, ya ajiye a gefe.

"To," in ji shi.

Ya kira 'yarsa ya ce a zubo wa baƙuwa abinci da wuri kada mota ta wuce ta. Na ci abin da na iya. Da zan tafi ya tashi da sandarsa ya raka ni har bakin hanya, yadda yake raka kowane baƙo, ya ce in gaida mutanen gida.

"Allah ya kiyaye hanya, Malama."

Tun ina goye a bayan mahaifiyata ɗiyata yake ce mini. Na tsaya ina kallonsa ko zai ƙara wani abu, amma ya riga ya juya, yana tafiya a hankali zuwa ɗakinsa.